Daga Matsakaicin Ƙasa Zuwa Ofishin Magajin Gari: Nazarin Allunan Alƙaluma Masu Amsa Tambaya a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba manhajojin intanet da ke mayar da alƙaluman ci gaban ƙasa zuwa zane da taswira, irin waɗanda mai amfani ke iya juyawa da kansa, ya sauya shekara ko yanki ko ma'auni. An auna amfaninsu da bukatun wurare uku na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar: birnin Maraɗi, Tibirin Gobir da Jiratawa. Matsayin maƙalar shi ne, zurfin da allo ke iya kai mai kallo bai taɓa wuce zurfin da mai tattara bayanai ya kai ba, kuma galibin bambance-bambancen da ke yanke hukunci a rayuwar mutanen Maraɗi suna ƙasa da matakin da allunan suke tsayawa.

1.0 Gabatarwa

Rahoton Ci Gaban Ɗan Adam na hukumar UNDP, wanda aka fara fitarwa a 1990 bisa tunanin Mahbub ul Haq da Amartya Sen, ya sanya Nijar ta 189 cikin ƙasashe 189 a bugunsa na 2020. Wannan lamba guda ta zagaya duniya fiye da duk wani bayani game da ƙasar. A yau kuma ba a cikin littafi kaɗai ake samun irinta ba. Duk mai wayar hannu da kuɗin intanet zai iya buɗe shafin Bankin Duniya ko Gapminder, ya zaɓi Nijar, ya ga layin mace-macen yara yana gangarowa, na yawan jama'a yana hawa.

A wannan maƙala an kira irin waɗannan manhajoji "allunan alƙaluma masu amsa tambaya", domin abin da ya raba su da jadawalin takarda shi ne mai kallo na iya yi musu tambaya ta hanyar taɓawa, su sake zanen nan take. Manufar maƙalar ita ce gano matakin da allunan da ake da su ke iya sauka a cikin jihar Maraɗi, da bayyana irin kuskuren fahimtar da kyawun zane ke iya haifarwa, sannan da nuna abin da ya kamata allo ya ƙunsa kafin ya amfani majalisar kwamin, wato ƙaramar hukuma.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Zana alƙaluma ba sabon abu ba ne. William Playfair ya buga zanen layi da na sanduna a 1786, John Snow kuma ya sa mace-macen kwalara a taswirar wata unguwar Landan bayan annobar 1854, har aka ga sun taru a kewayen famfo guda. Jacques Bertin (1967) ya tsara ƙa'idojin yadda ido ke karanta girma, launi da siffa, John Tukey (1977) ya mayar da zane hanyar bincike maimakon ado a ƙarshen rahoto. Ben Shneiderman (1996) ne ya bayar da tsarin da galibin allunan yau suke bi: a fara da kallon bai-ɗaya, a matso kusa a tace, sannan a nemi cikakken bayani idan an so. Gidauniyar Gapminder, wadda Hans Rosling da ɗansa Ola da surukarsa Anna suka kafa a Suwidin a 2005, ita ta fito da wannan salo ga jama'a, da ƙwallaye masu motsi da ke wakiltar ƙasashe. Bankin Duniya ya buɗe rumbun alƙalumansa kyauta a 2010.

Ra'ayin wannan rukuni na masana shi ne jahilcin jama'a game da ci gaba ya samo asali ne daga kulle alƙaluma a cikin jadawali mai wuyar karantawa. Rukuni na biyu ya ce matsalar ta riga zane. Morten Jerven (2013) ya nuna cewa alƙaluman tattalin arzikin ƙasashen Afirka da dama ƙiyasi ne a kan ƙiyasi, saboda ofisoshin ƙididdiga ba su da ma'aikata da kuɗi. Shekara guda bayan littafinsa Nijeriya ta sabunta shekarar da take dogara da ita wajen lissafi, sai jimillar arzikin ƙasar ta ƙaru da kusan kashi 89 cikin ɗari a rana ɗaya, ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya na hatsi a kasuwar Dawanau ba. Tun kafin wannan, W. S. Robinson (1950) ya yi gargaɗi game da ɗora abin da ya tabbata ga yanki a kan kowane mutum na yankin, Stan Openshaw (1984) kuma ya nuna cewa sauya iyakokin yankuna kaɗai na iya sauya sakamakon lissafi.

Ita kanta Maraɗi ba ta rasa masu nazari ba. Claude Raynaut ya yi aiki a kan noma da ƙasa, Emmanuel Grégoire (1986) a kan alhazan birni da kasuwancinsu da Nijeriya, Barbara Cooper (1997) a kan aure, Michael Mortimore da Mary Tiffen da Boubacar Yamba da abokansu (2001) a kan sauyin da yankin ya yi daga 1960 zuwa 2000. Giɓin da ake da shi shi ne, waɗannan ayyuka na fili da ayyukan masu zana alƙaluma ba kasafai suke haɗuwa a tebur guda ba.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na tebur ne, ya dogara da alƙaluman da aka riga aka buga. An kasa kafofin kashi uku. Na farko kafofin duniya: rumbun Bankin Duniya, Gapminder, Our World in Data, FAOSTAT da Global Forest Watch. Na biyu kafofin bincike da agaji masu sauka ƙasa da matakin ƙasa: STATcompiler na shirin DHS, HDX na ofishin OCHA, FEWS NET, da taswirorin Cadre Harmonisé na ƙungiyar CILSS. Na uku kafofin gida: Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, wadda aka kafa a 2004, da rumbun NigerInfo, da dandalin PNIN na bayanan abinci mai gina jiki, da kundin garuruwa na RENALOC, da manhajar DHIS2 da ma'aikatar lafiya ke amfani da ita.

An yi wa kowace kafa tambayoyi huɗu: wane ne mafi ƙanƙantar yanki da take nunawa, wace shekara aka tattara bayanin, ƙidaya ce ko samfuri ko hasashe, kuma ko ta nuna tazarar kuskure. Daga nan aka gwada amsoshin da al'amura sanannu na wuraren uku. An zaɓi wuraren ne saboda suna kusa da juna a kwarin Gulbin Maraɗi, amma kowanne yana ƙarƙashin hukuma daban: Maraɗi birni ne mai da'irori uku, Tibiri kwamin ce a gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kwamin ce ta karkara a gundumar Madarunfa.

4.0 Nazari

4.1 Inda matsowa take ƙarewa

Galibin kafofin duniya suna ba da Nijar a matsayin ɗigo guda. Mai amfani na iya kwatanta ta da Mali ko Bangaladash, amma ba zai iya buɗe ta ya ga Maraɗi ba. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Ƙidayar jama'a ta Disambar 2012 ta samu mutum 17,138,707 a ƙasar, 3,402,094 daga cikinsu a jihar Maraɗi. Ke nan kusan kashi 20 cikin ɗari na jama'a suna zaune a kan abin da bai kai kashi 4 cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. Matsakaicin cunkoso na ƙasa bai kai mutum 14 a murabba'in kilomita ba, na jihar Maraɗi ya haura 80, na kwarin Gulbi kuma ya zarce na jihar nesa.

Taswirar da ake shafa wa jihohi launi tana ƙara ɓata lamarin. Jihar Agadas ta cinye fiye da rabin taswirar Nijar alhali mutanenta a 2012 ba su kai rabin miliyan ba. Ido yana bin girman fili, sai launin Agadas ya zama labarin ƙasar, Maraɗi kuma ta zama ɗan yanki a gefen ƙasa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne haɗarin yake, domin mai kallo ya fi yarda da abin da ya gani ko da zanen ya karkatar da shi.

STATcompiler yana sauka zuwa matakin jiha. A can ake ganin cewa binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya samu matsakaicin haihuwa 7.6 ga kowace mace a ƙasar, 8.4 a jihar Maraɗi, kuma auren ƴan mata kafin shekara 18, wanda yake kashi 76 cikin ɗari a ƙasa, ya kusa kashi 90 a jihar. Amma an tsara samfurin binciken ne don ya wakilci jiha, saboda haka ba ya cewa komai game da Tibiri ko Jiratawa. Jiha guda ce ta haɗa makiyayan Barmo a arewa da masu lambun Jiratawa a kudu da ƴan kasuwar birni. Matsakaicinsu lamba ce ingantacciya a lissafi wadda ba ta siffanta ko ɗaya daga cikinsu. Ƙidayar jama'a ce kaɗai ke kaiwa ga kwamin da ƙauye, ita kuma galibi tana nan a jadawalin rahotanni, ba a allo mai amsa tambaya ba.

4.2 Yunwar 2005: taswira ta nuna arewa, yara suna kudu

Babu misalin da ya kai na 2005 bayyana illar zaɓen ma'auni. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da ɓarnar fara, aka ƙiyasta giɓin hatsi na ƙasa da kimanin tan 223,000, wanda bai kai kashi 10 cikin ɗari na bukatar shekara ba. Tsarin faɗakarwa na lokacin ya dogara sosai da lissafin girbi da kiwo, sai taswirorin rauni suka fi nuna yankunan da ke tsakanin noma da kiwo, can wajen arewa. Kudancin Maraɗi, da ake ɗauka rumbun ƙasar, bai fito da launin haɗari yadda ya kamata ba.

Abin da ya faru a fili ya saɓa wa taswirar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma da yawa sun fito daga gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji, wato gundumomin Jiratawa da Tibiri. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Farashin buhun gero ya ninka fiye da sau biyu tsakanin kaka da tsakiyar damina, saboda tsadar da aka yi a kasuwannin arewacin Nijeriya ta ja hatsi zuwa kudu. Talakan da gonarsa ta tsuke ya riga ya sayar da amfaninsa da kaka don biyan bashi, ya dawo yana saye tiya-tiya da bazara. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka tsara (2007) da binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi bayanin wannan dalla-dalla.

Darasin ga mai gina allo a fili yake. Da a ce an ɗora lissafin girbin 2004 a kan manhaja mafi kyau ta yau, da launi da motsi da maɓallin tacewa, da taswirar ta ƙara gamsar da masu yanke hukunci a kan kuskuren nan. Tan nawa gunduma ta noma tambaya ce daban da gida nawa ne ke da abin da zai kai su kaka. Jimillar girbi ana raba ta da jimillar mutane, sai a samu kilo kaza ga kowa, alhali wani yana da dami ɗari biyar wani ba shi da ashirin. An samu gyara bayan haka, domin Cadre Harmonisé yana haɗa farashi, yanayin cin abinci da awon yara, kuma ana gudanar da binciken tamowa a kai a kai. Duk da haka taswirarsa tana shafa wa gunduma launi guda, gundumar Gidan Rumji kuwa ta haura mutum rabin miliyan tun 2012.

4.3 Ruwan Tibiri da ma'aunin "ingantaccen ruwa"

Tibiri, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ta samu ruwan famfo daga rijiyar burtsatse mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980. Daga 2000 zuwa 2015, ma'aunin da WHO da UNICEF suka bi wajen auna samun ruwan sha ya dubi irin mafarin ruwan ne: famfo, burtsatse da rijiya mai murfi ingantattu ne, tafki da buɗaɗɗiyar rijiya ba ingantattu ba ne. Bisa wannan ma'auni, Tibiri ta wancan lokaci gari ne da ya yi nasara.

Ruwan kuwa yana ɗauke da sinadarin fulorayid ninki-ba-ninki a kan iyakar miligiram 1.5 a lita da WHO ta gindaya. An shafe kusan shekara goma sha biyar ana sha. Dubban yara suka kamu, haƙora suka rine, waɗanda abin ya fi tsanani a kansu ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH tare da takwararta ta Nijar, ANDDH, sun fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Iyaye mata na Tibiri sun ga alamun a jikin ƴaƴansu tun kafin wani jadawali ya nuna, domin babu gurbin da aka tanadar wa wannan bayani a cikin jadawalin.

Muradun ci gaba mai ɗorewa da aka amince da su a 2015 sun gyara ma'aunin, inda matakin sama ya bukaci ruwan ya kuɓuta daga ƙazanta da kuma sinadarai irin su asanik da fulorayid. Sai dai cika wannan sharaɗi yana bukatar gwajin ruwa, gwaji kuma yana bukatar ɗakin bincike da kuɗi. Inda ba a yi gwajin ba, allo yakan koma ga tsohon salon rarrabewa, ya nuna layi mai hawa. Mai kallo da bai danna ya karanta ma'anar ma'aunin ba zai ɗauka ana maganar ruwa mai lafiya ne. A ganin wannan maƙala, ɓoye ma'anar ma'auni a bayan ƙaramin maɓalli aibi ne na tsari, ba sakacin mai kallo ba.

4.4 Jiratawa: arzikin da ba shi da gurbi

Filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin kimanin hekta 500, an shimfiɗa shi a farkon shekarun 1980, manoma suna sarrafa shi ta ƙungiyoyin haɗin kai tare da hukumar ONAHA, ana ɗago ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injin lantarki. Garin ya yi suna da zogale, wanda ake tsinka sau da yawa a shekara, a busar, a kai Maraɗi da Yamai da ƙetaren iyaka. FAOSTAT ba ta ware wa zogale gurbi nasa ba, lissafin hatsi na shekara kuma bai shafe shi ba. Ke nan abin da ke shigo wa gidaje da yawa da kuɗin cefane a Jiratawa ba ya fitowa a allon da ɗalibi ko ma'aikacin agaji zai fara buɗewa.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin gida. Galibin bincike yana ɗaukar gida a matsayin rukuni guda mai maigida guda, alhali tsarin noman yankin ya raba gandu da gamana, wato gonar gida da ɗan filin da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Marthe Diarra da Marie Monimart (2006) sun nuna yadda ƙarancin ƙasa a kudancin Maraɗi ke fitar da mata daga noma, domin idan gona ta tsuke gamanar mace ce ke fara tafiya. Jimillar hektocin gida na iya zama daidai a shekaru biyu, alhali matar gidan ta rasa nata kason a tsakani.

Haka lamarin itatuwa yake. Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM ya fara ƙarfafa manoman Maraɗi su riƙa sassabe suna barin tohon kututture, gonakin yankin suka cika da gawo da kalgo da sabara. Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale (2009) sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Amma taswirar dazuzzuka ta duniya da aka gina a kan hotunan Landsat, inda kowane ɗigo yake mita 30, an tsara ta ne don kurmi mai rufaffen sama. Itatuwan da suka warwatsu a gonar gero ba sa cika sharaɗinta, sai yankin ya fito kusan fayau.

4.5 Adadin da ake rabawa da shi

Kusan kowane ma'aunin ci gaba rabo ne: yaran da aka yi wa rigakafi a kan dukan yara, ɗalibai a kan waɗanda suka isa shiga lakwal. Adadin ƙasa yana fitowa daga ƙidaya. Nijar ta yi ƙidaya a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma duk adadin jama'a da allo ya nuna na shekarun da suka biyo bayan 2012 hasashe ne da aka ɗora a kanta.

Birnin Maraɗi ya tashi daga kimanin mutum 148,000 a 2001 zuwa 267,249 a 2012. Lissafin misali zai nuna girman matsalar. Idan aka ɗauka birnin yana ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, zai kai kimanin 392,000 a 2025. Idan da kashi 5 ne, zai haura 500,000. Tazarar ta wuce mutum 110,000, amma allo zai nuna lamba guda, sumul, ba tare da alamar shakka ba. Ga kuma motsin mutane da hasashe ba ya kamawa: ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da suka shigo gundumar Gidan Rumji tun 2019, da iyayen da ke tsallako iyaka daga wajen Jibiya su kawo yara asibitocin Ɗan Isa da Madarunfa. Wannan na daga cikin dalilan da kan sa alƙaluman rigakafi na hukuma su haura kashi 100 cikin ɗari a wasu gundumomi.

Iyakoki ma suna motsi. A 2011 gundumomin Nijar sun tashi daga 36 zuwa 63. An cire Barmo daga Dakwaro, Gazawa daga Agye. Duk layin da ya ratsa wannan shekara da sunan Dakwaro yana kwatanta yankuna biyu mabambanta masu suna ɗaya, in ba a sake lissafin baya ba. Wannan shi ne gargaɗin Openshaw a aikace.

Ba a ce allunan ba su da amfani ba. Layin mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara biyar, daga 318 cikin dubu a binciken 1992 zuwa 198 a 2006 da 127 a 2012, labari ne na gaskiya da zane ke isarwa cikin daƙiƙa, kuma yana karya zaton cewa babu abin da ke sauyawa a Nijar. Wanda ya ga wannan gangara zai nemi dalili, ya kai ga gidajen sauro, rigakafi, ɗakunan shan magani na ƙauye da jinyar yara kyauta da aka ayyana a 2006. Allo yana da ƙarfi wajen tayar da tambaya a matakin ƙasa. Rauninsa yana farawa ne idan aka nemi ya amsa tambayar kwamin.

5.0 Sharuɗɗan Allon da Zai Amfani Kwamin

Dokar rarraba iko ta ɗora wa kowace kwamin tsara shirin raya kanta, kuma ta ba majalisarta ikon shawarar inda za a gina aji ko a haƙa rijiya. Bayanan da take bukata galibi suna nan kusa da ita: rajistar likita, kundin daraktan lakwal, littafin ƙungiyar manoman rani, farashin da ma'aikatan tsarin bayanan kasuwanni na SIMA ke ɗauka a kasuwa. Suna hawa zuwa gunduma da jiha da Yamai, ba kasafai suke dawowa a siffar da kansila zai karanta ba. DHIS2 tana da bayanan kowace cibiyar lafiya wata-wata, amma sai mai izinin shiga ke gani. Aikin farko shi ne a dawo da taƙaitaccen sakamako ga waɗanda suka tattara shi, ba tare da sunan kowa ba.

Kowace lamba a allo ta zo da shekararta da asalinta a fuskar zanen. Abin da aka ƙidaya ya zama layi cikakke, abin da aka yi hasashe ya zama layin ɗigo-ɗigo, wurin da babu bayani a bar shi fari maimakon a cike shi da matsakaicin jiha. Taswirar jihohi ta zo tare da zanen sanduna da aka auna da yawan jama'a.

Batun harshe da ma'auni ya fi yadda ake zato nauyi. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, amma allunan da aka duba da Faransanci ko Ingilishi suke, a ƙasar da manya masu iya karatu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Manomi yana lissafi da dami da tiya da buhu, yana ƙirga kuɗi da dala da jika, allo yana magana da tan da dalar Amurka. Sauya ma'auni abu ne mai sauƙi ga manhaja, muddin an auna nauyin tiya da dami na yankin an rubuta. Da yake lantarki da intanet ba su wadata ba, allon da ba ya buɗewa a ƙaramar waya, ko ba a iya buga shi a takarda guda a liƙa a ofishin magajin gari, ko a karanta shi a rediyon gari, ya tsaya ga ƴan ofis.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ajiya a gida. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, shafin FEWS NET ya rufe na wasu watanni, shirin DHS ma ya tsaya. Mai bincike a Maraɗi da ya dogara da waɗannan kafofi kaɗai ya wayi gari babu madogara. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da reshen INS na jiha, da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna suna gari ɗaya. Suna iya ajiye kwafin jadawalan ƙidayar 2012, kundin RENALOC da taswirar iyakokin kwaminoni kafin 2011 da bayanta a rumbu guda, su fara gwaji da kwaminonin Tibiri da Jiratawa a kan ma'aunai kaɗan: sakamakon gwajin ruwan kowace burtsatse, farashin tiyar gero mako-mako, da adadin yaran da aka karɓa a cibiyoyin tamowa kowane wata.